Kifi ko namun daji: wanne yaro zai karanta a Tek?

Wa alaikumus salam Hajiya. Tsakanin kula da namun daji da harkar kifi da kika ce yaron yana wasiwasi a kai, kifi zai ɗauka.

A KNUST, wato jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi wadda ake kira Tek, duka biyun gida ɗaya suke, tsangayar albarkatun ƙasa masu sabuntuwa. Akwai sashen namun daji da makiyaya, akwai sashen kifi da kula da magudanan ruwa. A fom zai ga kwas biyu da suka shafe shi: Natural Resources Management, inda ake farawa gaba ɗaya da gandun daji da ƙasa da ruwa kafin ɗalibi ya karkata ɓangare guda, da kuma Aquaculture and Water Resources Management, wanda tun farko kiwon kifi da ruwa ya sa a gaba. Na biyun zai sa a zaɓin farko, na ɗayan ya biyo baya. Kowanne shekara 4 ne, sai bautar ƙasa shekara 1. A WASSCE, jarrabawar gama sakandare, ana neman A1 zuwa C6 a Turanci da lissafi da kimiyya, da darussan zaɓi uku na kimiyya ko noma. Ki duba makinsa na kemistiri da kyau, don rabin karatun kifi awon ruwa ne.

Dalilin zaɓin shi ne aikin kifi ba ya jiran gwamnati ta buɗe ƙofa. Ƙasar nan ta Ghana kifi take ci safe da yamma, abin da muke kamawa a teku da tafkin Volta bai ishe mu ba, har gobe shigo da shi ake yi. Wanda ya iya kiwo zai sami wuri a kejin karfasa da ke wajajen Akosombo, ko wurin ƙyanƙyasa, ko kamfanin abincin kifi, ko Hukumar Kifi. In duk babu, tankunan tarwada biyu a bayan gida a unguwar Aboabo ko Sawaba ma sana'a ce.

Ga irin abin da zai iya da hannunsa. Iskar oksijin a kududdufi ta fi ƙaranci da asuba, saboda gansakukar da ke ba ruwa iska da rana ita ce ke shanye ta da dare. Wanda ya karanta abin, kafin gari ya waye yana bakin ruwa da na'urar awo. In ya tarar karfasa sun taso sama suna buɗe baki, awo ya sauka ƙasa da miligiram 3 a lita, ba zai zuba abinci ba ko tsaba ɗaya, sai ya kunna injin iska ko ya sako sabon ruwa. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka yunwa ce, ya ƙara abinci, abincin ya ruɓe a ƙasa, amoniya ta tashi, kafin azahar kifi sun mutu sun juya, farin ciki ya cika saman ruwa, ba irin wanda ake so ba.

Sai lissafin abinci, wanda shi ke cinye kashi 60 zuwa 70 na kuɗin kiwo. In kilo 1.5 na abinci ke ba da kilo 1 na kifi, tan ɗaya zai ci buhu 75 mai kilo 20. In aka yi sake abin ya koma kilo 2, buhu 100 ke nan, ribar duk ta tafi a buhu 25 ɗin nan. Za a koya masa auna samfur duk sati biyu don daidaita abin da ake zubawa, da ware tarwada manya daban ƙanana daban, don in an bar su tare babban haɗiye ƙaramin yake yi. Karfasa kuma maza zalla ake so. Ana ba 'ya'yan abinci mai sinadarin da ke mai da su maza na sati 3 zuwa 4 tun suna sabon ƙyanƙyasa, domin in da mata a ciki haihuwa za su yi ta yi, kududdufi ya cika da ƙanana, babu mai kai girman kasuwa. In komai ya tafi daidai, wata 5 zuwa 6 sun kai na gashi.

Harkar tana da nata ciwon. Daga ƙarshen 2018 zuwa 2019 wata cuta mai suna ISKNV ta shiga kejin Volta ta kashe karfasa ba adadi, masu gona da yawa suka durƙushe. Tun daga lokacin wanda ya san cutar kifi da rigakafi da tsaftar wurin ƙyanƙyasa ya ƙara daraja, don haka in ya kai shekarar ƙarshe ya nemi aikin bincikensa ya faɗa can. Hutun dogon zango kuma kada ya zauna a gida, ya nemi gonar kifi ko cibiyar binciken kiwon kifi ta CSIR, hukumar binciken kimiyya ta ƙasa, da ke Akosombo ya yi aikin koyo ko ba a biya shi.

Namun daji karatu ne mai kyau, ban ce ba. Zai koyi ƙidayar dabbobi ta bin layi a daji, ɗana kyamarar tarko, zana taswira da kwamfuta, da sasanta manoma da giwayen da ke shiga gonaki a gefen gandun dajin Kakum. Matsalar bayan an gama ce. Babban mai ɗauka shi ne sashen namun daji na Hukumar Gandun Daji, shi kuwa sai an ba shi izinin ɗauka, ƙungiyoyi masu zaman kansu kuma aikinsu na ƙarewa ranar da kuɗin tallafi ya ƙare. In an ɗauki yaron, gandun dajin Mole ko Bui ko Digya za a iya tura shi, sintirin kama masu farautar sata, ba gidan zu na Kejetia a Kumasi ba. Sai dai in yaron irin wanda ba ya iya zama sai a daji ne kuma yana da niyyar digiri na biyu, to wannan a bar shi da abinsa.

Abin da ba ki tambaya ba: lokacin fom ya yi za ki ga masu cewa suna da "furotokol", a ba su sidi kaza ta momo, wato tura kuɗi ta waya, su sa sunan yaro. Kada ki ba kowa ko sisi. Lambar cika fom a wuraren da jami'a ta sanar kawai ake saye, takardar shiga kuma a shafin jami'ar yaro zai duba da lambarsa, ba hoton da wani ya turo a WhatsApp ba. Wanda aka kama da sakamakon jabu korarsa ake yi ko ya kai shekarar ƙarshe.

Haka masu sayar da 'ya'yan kifi, in ya tashi gwaji a gida. Wasu ragowar da suka tsumbure suke tarawa su sayar a matsayin sabon iri, wasu su ce maza zalla alhali gauraye ne, ba za a gane ba sai bayan wata 3 an ci abinci an ƙi girma. Ya je wurin ƙyanƙyasar da kansa, ya ga iyayen, ya tambayi ranar ƙyanƙyasa, ya ɗebo a roba ya ga ko girmansu ɗaya. Ya ɗauko da sassafe cikin leda mai oksijin, ya ajiye ledar a kan ruwan tankin kamar minti 20 kafin ya kwance bakinta. Ya fara da tarwada 200, kada ya wuce haka a zagayen farko.