Gargaɗi ga masu tsofaffin bas a Legas kan kanikawan bogi masu cewa gasket ya ƙone

Assalamu alaikum. Ina jan hankalin 'yan'uwa masu tsofaffin Hiace da Volkswagen da ke jigilar kaya ko fasinja tsakanin Mile 12, Agege, Idi-Araba da Alaba Rago, game da wasu mutane da ke fakewa da kanikanci suna damfarar direbobi a cikin gosulo. Makon jiya abin ya faɗa kan ƙanina a titin Ikorodu, yana ɗauke da buhunan albasa, shi ya sa na ga bai dace in yi shiru ba.

Su uku ne suke aikin. Na farko yana ratsawa tsakanin motoci a ƙafa, sai ya bubbuga ƙofa yana nuna ƙarƙashin mota, wai ruwa na zuba. Da direba ya gangara gefe sai na biyu ya ɓullo da riga duk baƙin mai, da sifana a hannu. Wanda ya tari ƙanina da Hausa ya yi masa magana, har da "sannu ɗan'uwa, Allah ya tsare gaba", kuma abin da ya sa ya saki jiki ke nan. Motar Volkswagen ce irin ta danfo, wato bas ɗin haya na Legas, wadda injinta ke baya amma lagireto da fankarsa mai aiki da lantarki suna gaba. Mutumin ya durƙusa a gaban motar kamar mai dubawa, ya zare wayar fanka, sannan ya ce a tayar a bar ta a tsaye. Ba a jima ba allurar da ke nuna zafin inji ta haura, domin motar da ke tsaye ba ta samun iska sai ta fanka. Nan take ya yanke hukunci cewa gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone, ya kuma tunatar da shi cewa idan motar ta daɗe a wurin jami'an LASTMA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta Legas, za su ja ta. Na uku ya karɓi kuɗin kayan gyara ya tafi, ya dawo da leda. Suka ɓata kusan minti 40 suna ƙwanƙwase-ƙwanƙwase, suka zuba wani gari a tankin ruwa, suka mayar da wayar, allura ta sauka. Washegari bakanikenmu na Agege ya nuna mana cewa ko noti ɗaya ba a taɓa ba a kan injin, garin kuwa ya fara toshe lagireto, sai da aka sauke shi aka wanke.

Abin da ya kamata kowane direba ya riƙe shi ne, zafin inji yana da dalilai da yawa, kuma gasket ne na ƙarshe da ake zargi. Idan mota tana zafi a gosulo amma ta huce da zarar hanya ta buɗe, a duba fanka, da fiyus ɗinta, da wayarta. A tsofaffin Hiace kuwa, da yawansu fambel ne ke juya fankar, don haka a duba ko ya yi sako-sako. Idan kuma sai an ɗauki kaya an taka mota take zafi, galibi lagireto ne ya toshe da tsatsa da dattin ruwan rijiya, ko famfon ruwa ya gaji. Idan inji ya yi zafi amma lagireto na nan da sanyi, galibi tamostat ne, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto, ya maƙale. Aikinsa ya buɗe wajen digiri 80 zuwa 90. Cire shi gaba ɗaya, kamar yadda wasu ke yi, yana ƙara shan mai ne, sabo ya kamata a sa. Hatta murfin tankin ruwa, da ake rainawa, shi ne ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100 har sai ya kai wajen 120, saboda haka murfi mai lalatacciyar roba kaɗai ya isa ya sa mota aman ruwa.

Gasket idan ya ƙone da gaske galibi ba ya ɓuya. Salansar mota za ta riƙa fitar da farin hayaƙi ko bayan inji ya ɗumama, baƙin mai kan koma kalar shayi da madara, ruwa zai riƙa raguwa ba tare da an ga inda yake ɗiga ba, kuma idan aka tayar da inji da sanyinsa za a ga kumfa na tasowa a tankin ruwa. Sauya shi aikin awoyi ne a gareji, sai an jira inji ya huce an sauke kansa, an kuma auna ko ya lanƙwashe.

Duk wanda aka tsayar haka, ya fara kallon allurarsa, domin ta ƙanina tana daidai kafin a taɓa motar. Idan zafin na gaske ne, a kashe inji a jira aƙalla minti 30, kada a buɗe murfi da zafi, kada kuma a kwara ruwan sanyi, domin yana iya tsaga kan injin. A kira bakaniken da aka sani a waya. Mai yin Hausa cikin 'yan damfarar dogo ne, yana da tabon ƙuna a bayan hannun dama, kuma tsakanin Ketu da Ojota suka tare ƙanina da misalin ƙarfe 5 na yamma.