Injin Zuƙar Ƙurar Katako: Wanne Ya Dace da Shagonka?

Idan ka tashi daga aiki, kashe fitilun shago, ka kunna tocila ka haska tsakiyar ɗakin. Abin nan da za ka gani yana shawagi cikin hasken kamar hazo, dominsa ake sayen injin zuƙar ƙura. Sassaƙen da ya zube a ƙasa tsintsiya ma ta ishe shi. Kaurin silin gashi guda wajen maikiron 70 ne (maikiron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), ƙurar da ke zarcewa cikin huhu kuwa ba ta kai maikiron 10 ba, kuma takan daɗe tana yawo bayan an kashe inji. Tun 1995 hukumar binciken cutar kansa ta duniya, IARC, ta sa ƙurar katako a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa, musamman ta kogon hanci. A Birtaniya doka ta tsayar da miligiram 3 a kowace kiyubik mita ta iska ga katako mai tauri, 5 ga mai laushi, a aikin awa takwas. Ka buga lissafi: shago mai tsawon mita 6, faɗin 5, tsayin 3, ƙurar da ba ta kai sulusin giram ba ta isa ta kai shi iyakar nan ta katako mai tauri.

Na fara da wannan ne saboda yawancin masu saye ƙarfin doki, wato ma'aunin ƙarfin injin, kawai suke tambaya. Da sun ga buhu ya cika da sassaƙe sai su ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu, alhali ƙura mai cutarwar ta bi ta saƙar buhun ta dawo musu.

Mafi ƙanƙanta a kasuwa shi ne injin shara mai 'yar ganga da siririn tiyo. Tsotsarsa da ƙarfi, amma iskar da yake kwasa kaɗan ce, galibi tsakanin 100 da 150 a ma'aunin CFM, wato kiyubik ƙafa nawa na iska ke wucewa a minti guda. Ga injin samfefa, zarton hannu na lantarki da duk abin da ke da ƙaramin bakin fitar da ƙura, babu kamarsa. Ka haɗa shi da injin fere katako kuwa, kafin ka gama falanki biyu tiyon ya toshe. A tsarin Turai ana raba irin waɗannan gida uku, L da M da H. Don katako kada ka sauka ƙasa da M, wanda ke riƙe kashi 99.9 cikin ɗari na ƙurar.

Sai wanda aka fi gani, mai buhu biyu: injin lantarki, farfela, buhun tata a sama, buhun tara shara a ƙasa, duka a kan taya huɗu. Shi iska mai yawa yake ja amma ba da matsi ba, don haka yana son bututu mai faɗi, daga inci 4 zuwa sama. Aibinsa biyu. Na farko, duk abin da ya zuƙo sai ya bi ta cikin farfela. Na taɓa share ƙasa na tura sharar bakin tiyo, ashe akwai sukuru a ciki. Ƙarar da na ji kamar an buga guduma a kan durom, da na buɗe na tarar da fiffike ɗaya ya lanƙwashe, daga ranar injin bai daina rawa ba sai da aka sauya farfelar. Wannan ma da sauƙi, domin ƙarfe in ya daki ƙarfe yana iya fitar da tartsatsi ya faɗa cikin buhu cike da busasshen garin katako.

Aibi na biyu ya fi na farko. Masu araha da yawa suna zuwa da buhun yadi mai tace maikiron 30. Ka tsaya kusa da shi lokacin da aka kunna: buhun zai kumbura fam, wani farin hayaki ya tashi daga jikinsa. Wannan ba tara ƙura yake ba, tankaɗe ta yake, ya riƙe tsakin ya watsa maka garin. Maganinsa matata mai ninki-ninki, mai kama da ganga, wadda ke kama maikiron 1 ko ƙasa da haka. Ninkin yana ba ta faɗin da ya ninka na buhu sau da yawa, iska ta fi samun hanya, kuma akwai masu hannu a sama da ake juyawa don kaɗe ƙurar ciki. In za ka sayi mai buhu, ka sa kuɗin wannan matata cikin lissafi tun farko. Wadda aka rubuta wa HEPA ta gaske tana kama kashi 99.97 na ƙura mai maikiron 0.3.

Na uku shi ne mai guguwa. Iska na shiga ta gefen wani mazurari, ta yi ta juyi, sassaƙe da ƙura mai nauyi su bi bango su gangara cikin durom, sai ɗan abin da ya rage ya wuce farfela da matata. Amfaninsa a fili yake: ƙusa ba ta kai wa farfela, matata ba ta saurin toshewa, ƙarfin zuƙa ba ya faɗuwa da tsakar aiki. Sai dai juyin nan yana cin ƙarfi, shi ya sa masu kyau daga doki 2 ko 3 suke farawa, ga tsada, ga tsayi. Auna rufin shagonka kafin ka biya kuɗi, kada ka zo haɗawa ka tarar babu inda kan injin zai shiga.

Akwai hanyar tsakiya. Ana sa abin rarrabewa kafin injin, ko dai faifan da Phil Thien ya ƙirƙiro wanda kafinta zai iya yankawa da kansa ya ɗora a kan durom, ko ƙaramin mazurari irin Dust Deputy na kamfanin Oneida ga injin shara. Ga injin shara ina ba da shawararsa ba tare da wani tunani ba. Ga mai buhu mai doki 1 kuwa sai ka yi hattara, don iskar da za ta ragu ba lallai ta ishe ka ba.

Lambar CFM da ke jikin kwali, kada ka yi mata kallon kitse. Yawanci ana auna ta ne babu bututu, wani lokaci babu matata, da zarar ka jona kaya sai ta zube, har ta kan kusa rabewa biyu. Nemi jadawalin da ke nuna yawan iska a matsi daban-daban, ka kuma tambayi faɗin farfela, don shi ya fi faɗin gaskiya. Duba lantarki ma: farfelar da aka ƙera don wuta mai 60 Hz, wato saurin bugun wutar lantarkin, tana juyi wajen 3,450 a minti, a kan 50 Hz sai ta dawo wajen 2,850, iskar ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida.

A wajen bututu ne aka fi yin asara. Kafin sassaƙe ya tafi bai kwanta a hanya ba, sai iska ta yi gudun kusan mita 20 a daƙiƙa. Da wannan gudun, bututu mai inci 4 yana ɗaukar CFM 350, mai inci 6 kuma kusan 800, saboda bakinsa ya ninka na farko fiye da sau biyu. Bill Pentz, wanda ya yi fice wajen rubutu kan wannan fanni, ya daɗe yana nanata cewa 350 ta isa kwashe sassaƙe amma ba ta isa kame ƙura mai laushi a bakin manyan injina ba, sai an kai wajen 800. Amma kada wannan ya sa ka ɗaura inci 6 a kan inji mai doki 1. Gudun iskar zai faɗi, sharar ta kwanta cikin bututun, ka koma kana zungura da sanda. Tiyo mai lanƙwasa yana tauye iska ninkin bututu mai santsi, sai a bar shi ga ɗan guntun ƙarshe. Gwiwa mai kaifi a guje ta, a sa biyu masu digiri 45. Kowane reshe a ba shi 'yar ƙofar da ake turawa, a buɗe ta injin da ke aiki kaɗai. Bututun roba ya fi sauƙin haɗawa amma yana tara lantarkin gogayya, yana fizgar hannu. Na ƙarfe da aka haɗa da wayar ƙasa ba ya haka.

Abin da zan ce wa ɗan'uwa in ya tambaye ni: mai aiki da kayan hannu da samfefa ya sayi injin shara ajin M da ƙaramin mazurari. Mai zarton tebur da injin fere guda a ƙaramin ɗaki ya ɗauki mai doki 1.5, ya sauya buhun sama, ya riƙa tura shi kusa da abin da yake aiki da shi da gajeren tiyo. Mai manyan injina da yawa, ko mai yanka MDF kullum, wato allon da ake yi da matsattsen garin katako, wanda ƙurarsa kamar hoda take, ya daure ya sayi mai guguwa da babban bututu inci 6.

Ranar haɗawa ka nemi mai taya ka, domin injin da farfelarsa nauyi gare su, kuma a sama ake ɗora su. Fara da gindi da tayoyi. Kada ka ɗaure noti tamau sai kowane rami ya hau kan ɗan'uwansa. Kafin ka sa wuta, juya farfela da hannu ka saurara ko tana gogar jiki, ka duba notin da ya riƙe ta. Idan wutarka mai layi uku ce, tabbatar tana juyawa inda kibiya ta nuna. In ta juya baya za ta ja iska dai, amma kaɗan, ka yi ta neman laifi a inda babu shi. Kada ka bar shi yana gudu baki buɗe babu bututu, don a lokacin ne ya fi jan wuta har ya yi zafi. Ka ba shi layinsa shi kaɗai, kuma kada ka taɓa haɗa shi da injin wasa ƙarfe.

Ga mai guguwa, murfin durom shi ne komai. Ɗan ɓuli kaɗan a nan zai sa iska ta shigo ta ƙasa ta ɗaga ƙurar ta kai ta matata. Kunna injin, ka bi kowace mahaɗa da ɗan zare a hannu. Inda zaren ya manne ko ya kaɗa, toshe da silikon ko tef na alminiyom. Kada ka bari durom ya wuce kashi biyu cikin uku. Juye shi a waje, iska tana bayanka, da takunkumi ajin FFP3 a hanci, don ƙurar mako guda ce za ta tashi lokaci ɗaya.