Wattpad a hannun mai rubuta labarin aljanu da soyayya

Tun da na kammala ɗora labarina na uku a Wattpad, manhajar da marubuta suke ɗora labarai ana karantawa babi-babi, tambayar da 'yan'uwana marubuta suka fi yi mini ita ce ko wurin ya dace da wanda yake rubuta labarin aljanu, musamman irin wanda soyayya take ƙulluwa tsakanin ɗan Adam da aljan. Amsar da nake ba su ba ta canza ba: ya dace ƙwarai ga wanda yake son alƙalaminsa ya goge, amma wanda yake neman kuɗin cefane da rubutunsa sai ya haɗa da wata hanyar.

Manhajar ta samo asali ne a birnin Toronto na ƙasar Kanada a shekarar 2006, a hannun Allen Lau da Ivan Yuen, kuma a 2021 kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya saye ta a kan kuɗi sama da dala miliyan 600. Yin rajista kyauta ne, karatun mafi yawan labaran ma kyauta ne, sai dai tallace-tallace suna ratsowa tsakanin babi da babi, kuma wanda ba ya son ganinsu sai ya biya kuɗin wata-wata. Wurin rubutun ba shi da wani ƙawa: akwai kaurara harafi da karkata shi, akwai saka hoto ko bidiyo a saman babi, kuma manhajar tana ajiye tsoffin kwafin babin, ta yadda idan marubuci ya goge wani sashe bisa kuskure zai iya komawa ya ɗauko shi. Hoton bango ana son ya kasance ɗigon pixel 512 a faɗi da 800 a tsayi. Duk wannan ana iya yinsa da wayar hannu, kuma haruffanmu masu ƙugiya suna fitowa daidai idan allon rubutun wayar yana da su. A kan kayan aiki ba ni da abin cewa fiye da haka, domin sun wadatar, kuma ba su ne suke riƙe marubuci a wurin ba.

Inda aka fara samun tangarɗa shi ne wajen zaɓen rukuni. Kafin a wallafa labari dole a sanya shi ƙarƙashin rukuni guda, kuma wanda ya duba jerin zai gane nan take cewa an gina shi ne a kan abin da yake tsorata Bature da abin da yake burge shi. Akwai rukuni sukutum na gawar da take tashi ta sha jinin mutane, akwai wani na mutanen da suke rikiɗa su zama kyarkeci, sannan akwai na abubuwan da suka saɓa wa al'ada, da na ban tsoro, da na duniyar ƙage, da na soyayya, da na ruhi da addini. To, ina za a saka labarin budurwar da namijin dare ya hana aure, wadda duk saurayin da ya kai kuɗi gidansu sai ya ji ya tsane ta ba gaira ba dalili? Idan aka saka shi a rukunin soyayya, sai ya nutse a cikin labaran attajirai da sakatarorinsu. Idan aka kai shi rukunin duniyar ƙage, an yi wa mai karatu ƙarya, domin Bahaushe bai ɗauki aljani a matsayin ƙage ba. Halitta ce da Alƙur'ani ya ba da labarinta, har da sura guda mai sunanta, ta 72. Ni dai na zaɓi rukunin abubuwan da suka saɓa wa al'ada, na kuma dogara da kalmomin alama, waɗanda ake iya saka har 25 a labari ɗaya. Nan ma mu marubutan Hausa mun jawo wa kanmu wahala, saboda wani ya rubuta aljani, wani aljanu, wani aljannu, wani kuma ya sa ƙugiya a harafi wani bai sa ba, sai mai nema ya samu rabin abin da yake nema kawai. Abin takaici ne kuma ganin wasu matasanmu suna kwaso kyarkeci daga dazukan Turai suna sauke shi a unguwannin Kano, alhali muna da labarin mutumin da yake rikiɗa kura da dare, muna da maye mai kama kurwa ya ɓoye ta, kuma kowannensu ya fi kusa da zuciyar mai karatunmu.

Abin da ya sa nake ganin Wattpad ya cancanci a zauna a cikinsa shi ne tsarin sharhinsa. Mai karatu ba sai ya kai ƙarshen babi zai yi magana ba. Yana iya danna sakin layin da ya tsaya masa a rai ya rubuta ra'ayinsa a gefensa, kuma adadin sharhin yana bayyana a jikin kowane sakin layi. Ga mai rubuta labarin aljanu wannan ba ƙaramar dukiya ba ce, domin irin wannan labari yana rayuwa ne muddin mai karatu ya yarda da dokokin duniyar da aka shigar da shi, kuma sharhin sakin layi yana nuna ainihin jumlar da yardar ta tsinke. A rukunin WhatsApp marubuciya takan tashi da safe ta tarar da yabo da addu'a da neman ci gaba, amma da wuya ta san wace jumla ce ta yi aiki, wace ce ta faɗi.

Misali daga labarina zai fi bayyana abin da nake nufi. Jarumata ɗaliba ce da ta watsa ruwan zafi a bayan ɗaki da magariba ba tare da bismilla ba, daga nan wani aljani ya fara zuwar mata a mafarki, sannu a hankali har shaƙuwa ta shiga tsakaninsu. A wani babi na sa mahaifiyarta tana karanta Ayatul Kursiyyu, aljanin kuwa yana zaune a gefen gado yana sauraro cikin natsuwa. Kafin wayewar gari sharhi ya taru a wannan sakin layi kamar ƙudaje a kan mangwaro. Wasu suka ce na yi kuskure babba, wasu suka ce ai idan aljanin Musulmi ne babu abin da zai same shi, suka kuma kawo aya ta 14 ta Suratul Jinn, wadda ta nuna cewa a cikinsu akwai Musulmi akwai kuma karkatattu. Sai wata mai karatu ta yi tambayar da ta tsayar da ni cik: idan har Musulmi ne mai tsoron Allah, da wane dalili yake shiga ɗakin yarinyar da ba muharramarsa ba? Gaskiyar magana, ban taɓa yanke wa kaina hukunci a kan addinin wannan aljani ba, na dai bar shi yana zama nagari idan ina son a tausaya masa, ya zama mugu idan ina son a firgita. Sai da na koma na sake gina shi tun daga tushe, kuma wannan tambaya ce ta zama ƙashin bayan labarin gaba ɗaya, domin daga nan ya zama mai imani da yake sane da cewa son da yake yi zalunci ne.

Masu karatun nan kuma ba sa yafe wa wanda ya cakuɗa iskokin bori da aljanun littattafan malamai ba tare da sanin abin da yake yi ba. Akwai masu sharhi da suka san birnin Jangare, mazaunin iskokin bori, da gidajensa, suka san Ɗan Galadima da kyautarsa da cacarsa, da Sarkin Rafi da haukarsa, da Inna wadda har yau sunanta yake jikin cutar shan-inna. Idan marubuci ya sa mai ruƙiyya yana kiran waɗannan sunaye kamar mai garaya a wajen girka, za a gaya masa a wurin cewa hanyoyin biyu ne, kuma masu bin ɗaya ba sa yarda da ɗayar. Ban ce ba za a iya haɗa su a labari ɗaya ba, domin a rayuwa ma iyali sukan kai marar lafiya wajen malami da rana, wata gwaggo kuma ta lallaɓa da ita wajen 'yan bori a ɓoye. Sharaɗin kawai shi ne marubuci ya san ya haɗa, ya kuma bar saɓanin ya yi masa aiki.

Batun ƙarshen labari ma a cikin sharhin na koyi nauyinsa. A labaran Turawa na wannan fanni, mai karatu yana shiga ne da alkawarin cewa masoyan za su kasance tare, ko da kuwa yarinyar za ta bar mutuntakarta ta koma jinsin masoyinta. Mai karatun Hausa yana son soyayyar ta yi zafi, amma idan aka kusa ɗaura aure da aljani sai hankalinsa ya rabu biyu. Mas'alar ba sabuwa ba ce. Malam Badruddin Shibli, wanda ya rasu a shekara ta 769 bayan Hijira, ya tattauna ta a littafinsa Akamul Marjan, inda aka ruwaito cewa an tambayi Imamu Malik game da irin wannan aure, ya nuna ƙinsa saboda gudun kada mace ta yi ciki a tambaye ta mijinta ta ce aljani ne, ɓarna ta yaɗu. Wani mai karatu ne ya fara jefo mini wannan ruwaya a gefen sakin layi, ni kuma na je na bincika, daga baya na sa ta a bakin kawun jarumar. Ba na jin akwai ajin koyon rubutu da zai ba ni irin wannan gyara a daidai lokacin da nake buƙatarsa.

Akwai kuma shafin ƙididdiga, wanda ya fi kyau a buɗe shi a kwamfuta. Yana nuna yawan waɗanda suka karanta kowane babi har ƙarshe, da shekarunsu da ƙasashen da suke. Daga nan na gane cewa duk babin da na cika shi da bayanin fadar aljanu, da zinariya da lu'ulu'u da barori dubu, masu karatu suna zamewa, amma babin da takalmi ɗaya kawai ya canza wuri a ƙofar ɗaki sukan kai ƙarshensa. Taswirar ƙasashen kuwa ta nuna mini masu karatu a Nijar da Gana da Saudiyya, abin da littafin da ake bugawa a sayar a kasuwar Kano ba ya iya gaya wa marubucinsa.

Maganar kuɗi gajera ce. Wattpad yana da tsarin labaran biya, wanda ya fara a 2019 aka kuma sauya masa suna zuwa Wattpad Originals a 2023, inda mai karatu yake sayen sulallan manhaja ya buɗe babi, amma kamfanin ne yake zaɓar marubutan da za su shiga, ba kowa ne yake sa wa labarinsa farashi ba. Gasar shekara-shekara ta Wattys ma tana karɓar labarai ne a wasu 'yan harsuna irin su Ingilishi da Sifaniyanci da Faransanci, babu Hausa a ciki. Bayan rufe manhajar sayar da littattafai ta OkadaBooks a watan Nuwamban 2023, inda a da marubucin Nijeriya yakan sa farashinsa da naira, da yawa daga cikinmu sun koma ga tsohuwar dabara, wato a ɗora babukan farko kyauta a Wattpad, sannan a ce mai son ci gaba ya biya ta banki ko da katin waya a saka shi a rukunin WhatsApp. Dabarar tana aiki, sai dai tana yanke sharhin sakin layi a daidai inda labarin ya fi buƙatarsa, wato tsakiya da ƙarshe. Tun watan Mayun 2024 kuma an cire saƙon sirri tsakanin masu amfani da manhajar, don haka duk wata magana da mai karatu sai dai a bainar jama'a, ko a koma wani dandalin.

Satar fasaha ita ce ciwon da ban samo maganinsa ba. Manhajar ba ta barin a kwafi rubutu kai tsaye, amma wannan bai hana wata baiwar Allah zama ta sake buga labarina na farko kalma bayan kalma ba, ta cire sunana, ta canza sunan jarumar, ta riƙa sayar da shi a rukunoni. Abin da ya taimake ni shi ne tsoffin sharhin masu karatu da suke jikin babukan da kwanakinsu, waɗanda suka zama shaida cewa nawa ya riga nata fitowa, kuma su masu karatun ne suka fara gano ta suka sanar da ni.

Labarina na huɗu, wanda ya shafi wata matar aure da ake zargi da maita a wani ƙauye, a Wattpad zan fara ɗora shi, babi biyu a mako, kuma kyauta har ƙarshe. Na riga na rubuta wa kaina shafi uku na dokokin maitar, yadda ake gadonta, da abin da maye yake iya gani, da abin da ƙetare marar lafiya yake warwarewa, domin na san akwai masu jirana a gefen kowane sakin layi. Idan an gama gyara da su, sannan zan tace shi in kai wa maɗaba'a.