Igiyar Talala ko Igiyar Jingina: Wacce Za Ka Saya Domin Aiki a Sama?

Kafin ka zaro kuɗi, duba inda ƙafafun ma'aikacin za su tsaya. Nan ne zaɓin yake, ba a ƙyallin ƙugiya ko sunan kamfani ba.

Idan mutum yana tsaye daram a kan wuri shimfiɗaɗɗe, kamar rufin kankare ko kwandon motar ɗaga ma'aikata, igiyar talala ce tasa. Aikinta guda ne: ta hana shi kaiwa baki. Ana ɗaure ta a maɗauri mai ƙarfi, a maƙala ɗaya bakin a jikin ɗamararsa, ya yi ta kai-komo cikin iyakar da aka ɗibar masa. Ba ta ɗaukar nauyinsa, galibi ma a sake take.

Duk amfaninta yana ga tsawonta. Idan daga maɗauri zuwa bakin rufi mita 2 ne, aka ba ma'aikaci igiya mai mita 2 da rabi, talala ta tashi aiki. Ya zama mai iya faɗuwa, ga shi a ɗaure da igiyar da ba a yi ta don tare faɗuwa ba. Shi ya sa na fi son mai tsayayyen tsawo ga aikin da ake maimaitawa a wuri ɗaya. Mai ƙari da ragi tana da daɗi idan wuraren aiki sun sha bamban, amma ma'aikacin da hannunsa ya kasa cim ma wani ƙusa zai ƙara mata taku biyu ba tare da ya faɗa wa kowa ba. A auna kuma daga baki mafi kusa, ba wanda ake fuskanta kaɗai ba. Tagar haske da ke tsakiyar rufi, ko rufin da ya ruɓe, su ma baki ne.

Igiyar jingina kuwa ta mai hawa falwaya ce, da ƙarfen sadarwa, da mai ɗaurin rodi a jikin bango. Ana zagaya ta a jikin abin da aka hau, a maƙala bakunanta biyu a zobban da ke kwankwaso, hagu da dama. Mutum ya dogara ƙafa, ya jingina baya, igiya ta ɗaure tam, hannayensa biyu su samu sukunin aiki. A nan ƙari da ragi dole ne, kuma a gwada na'urar daidaitawar: shin tana tafiya da hannu ɗaya, sanye da safar hannu? Nemi mai rigar kariya a inda take gogar ƙarfe, domin nan take fara ci. Dokar OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, ta ce a ɗaura ta yadda mutum ba zai zame fiye da ƙafa 2 ba, wato kusan santimita 60, kuma maɗaurinta ya iya ɗaukar aƙalla fam 3,000 na nauyi.

Abin da masu saye suka fi tuntuɓe a kai shi ne, duka biyun ba sa tare faɗuwa. Mai jingina yana wurin da zai iya faɗowa, don haka yana bukatar igiya ta biyu mai ƙunshin rage fizga, a maƙale a zoben baya ko na ƙirji mai alamar A, a jikin ɗamarar da ta game jiki duka. Bel na ƙugu kaɗai ba ya wannan aiki. Amurka ta hana amfani da shi wajen tare faɗuwa a aikin gini tun farkon 1998. Ƙunshin nan yana yagewa sannu a hankali don kada fizgar da za ta kai ga jiki ta wuce kilonyutan 6, wato ƙarfi kwatankwacin nauyin kilo 600, bisa ma'aunin Turai. Sai dai yana iya ƙara tsawo har mita 1.75, ke nan igiya mai mita 2 tana son filin fiye da mita 6 a ƙasan maɗauri idan an haɗa da tsawon mutum da ratar tsaro. A ƙaramin gini, sai mutum ya daki ƙasa ƙunshin bai gama aikinsa ba. Inda talala za ta yiwu, ita ce gaba.

A wurin saye, karanta tambarin da ke ɗinke a jiki, ka duba lambar ma'aunin Turai mai farawa da EN. EN 358 na jingina da talala ne, EN 354 na igiya zalla, EN 355 na ƙunshin rage fizga, EN 361 na cikakkiyar ɗamara, EN 362 na ƙugiyoyi. Wadda tambarinta ya goge, ko babu ranar ƙira da lambarta, bar wa mai ita kayansa. Ƙugiya ta kasance mai kulle kanta, wadda sai an yi motsi biyu take buɗewa. Mai walda ko yanka da wuta ya nemi igiyar da ke jure zafi, domin tartsatsi yana narka zaren roba. Duk igiyar da ta taɓa riƙe wanda ya faɗo kuma, a cire ta daga aiki ko da ido bai ga lahani ba.