Wasan gano mai laifi: wanne za ka saya, wanne za ka haɗa da kanka?

Da an kai amfanin gona gida, 'yan makaranta sun dawo hutu, hirar bayan Isha'i ta yi tsawo, sai ludo da whot su fara gundurar mutane. A nan wasannin gano mai laifi suke da rana. An yi ɓarna a cikin labari, mai ɓarnar yana zaune a cikinku, a yi ta tambaya da tuhuma har asirinsa ya tonu, ko kuma ya sha. Iri-iri ne, kuma mai tsada a kanti ba lallai ya dace da zauren gidanku a ƙauyukan Ringim ko Bichi ba. Kafin ka fitar da ko sisi, ka san mutum nawa suke taruwa, nawa ne a cikinsu ke karanta Turanci ba tare da gargada ba, da kuma irin hasken da kuke da shi da dare.

Wanda aka fi gani a manyan kantunan birni da shagunan intanet shi ne Cluedo. Wani Bature ɗan Birmingham, Anthony Pratt, shi ya ƙirƙiro shi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya shiga kasuwa a 1949. Ana zargin mutum 6, makamai 6 ne, ɗakuna 9. Ana ɓoye kati ɗaya daga kowane rukuni a ambulan, a raba sauran, kowa ya riƙa tambaya yana soke abin da ya gani a takardarsa. Amsar na iya fitowa ta hanya 324, don haka ba ya ƙarewa da wuri. Sai dai mutum 6 kaɗai yake ɗauka, wasa ne na lissafi da natsuwa, babu ihu a cikinsa. Ga ɗakin rawa da ɗakin biliyad na gidan attajirin Ingila, waɗanda yaron da ya tashi a Sule Tankarkar bai san da zamansu ba. Gidan da ke da 'yan sakandare huɗu ko biyar zai more shi. In za ka saya, buɗe kwalin a gaban mai kanti ka ƙirga katunan nan 21. Ɗaya ya ɓata, wasan ya gurgunce. A gida kuma ka adana shi inda hannun ƙananan yara da bakin akuya ba sa kaiwa.

Akwai kuma rubutaccen labari, wanda ake saya a kwali ko a biya ta intanet a sauke a buga. Kowa a ba shi sunan da zai ɗauka da sirrin da zai riƙe, a kwashe awa biyu ko uku ana warware zare. A talla ya fi kowanne kyau, amma ni shi ne na ƙarshe da zan ba wani shawarar saya a karkara. Sau ɗaya ake yinsa, da an san mai laifi ya zama takardar ƙunsa ƙosai. An rubuta shi don adadin mutane ƙayyadadde, idan wanda aka ba matsayin mai laifin aka aike shi wani gari ranar, komai ya rushe. Ƙari a kan haka, yawancin labaran liyafar Turawa ce, da giya da soyayyar ɓoye tsakanin matan aure da baƙi. Kafin ka fassara, ka tsaftace, ka biya kuɗin bugawa a shagon kwamfuta, gara ka zauna ka rubuta naka.

Wanda ya fi dacewa da taron mutum goma zuwa sama ba ya buƙatar kwali ko kaɗan. Mafia sunansa, Dimitry Davidoff ya fito da shi a Jami'ar Mosko cikin shekarun 1980, daga baya a 1997 wani Ba'amurke, Andrew Plotkin, ya sauya masa riga ya mai da miyagun cikin wasan suka zama mutanen da ke rikiɗa su koma kyarkeci. Tsarin bai da wuya. 'Yan kaɗan, wato miyagun, sun san junansu, masu yawa ba su san kowa ba. Mai gabatarwa ya ce dare ya yi, kowa ya rufe ido, miyagun su buɗe su nuna mutum ɗaya da yatsa. Gari ya waye, a sanar da wanda aka fitar, a yi muhawara, a kaɗa ƙuri'a a kori wanda aka fi zargi. A mutum goma sha biyu, miyagu uku sun isa. Sai mai bincike ɗaya da yake tambayar mai gabatarwa da ido kowane dare ko wane mugu ne, da mai ceto ɗaya da zai kare wanda ya ga dama.

Ana sayar da shi a kwali da zane mai kyau, kamar na Faransa da ya fito a 2001 mai ɗaukar mutum 8 zuwa 18. Amma ka duba katunan kafin ka kawo su ƙauye: akwai mayya a ciki, akwai mai duba. A garin da kalmar maita take raba zumunci har ta kai mutane gaban alƙali, ba na ganin hikimar a nuna yarinya a ce "ke ce mayyar", ko da wasa. Suna yana bin mutum. Haka kisan kai, ba dole ba ne. Ka mai da labarin kuraye sun shigo gari suna ɗauke awaki, ko an wayi gari ragon layyar mai unguwa ya yi ɓatan dabo, ko wani ya yashe tukunyar naman biki. Matsayin kowa a rubuta a 'yar takarda a nannaɗe, wanda bai iya karatu ba a yi masa alama, da'ira mutumin gari, gicciye kura. Katin whot ma yana yi, sai dai dattijo in ya leƙo ya ga karta a hannun samari, caca zai fara kawowa a ransa. Murfin kwalba da aka yi wa alama a ciki ya raba ka da dogon bayani.

Aibin Mafia ɗaya ne, kuma babba: wanda aka fitar a daren farko zai zauna yana kallo har a gama. Masu kwali sun nemi maganin wannan. One Night Ultimate Werewolf na 2014 dare ɗaya ne kawai, minti goma an gama, mutum 3 zuwa 10, manhajar waya ce ke gabatarwa, amma ba da Hausa ba. The Resistance kuwa mutum 5 zuwa 10 ne, ba a korar kowa. In ba za ka saya ba, ka taƙaita muhawara zuwa minti uku, wanda ya fara fita kuma shi zai gabatar da zagaye na gaba.

Ga ƙaramin taro, misali ƙawayen amarya suna jiran lalle ya kama, tsarin Spyfall ya fi armashi. Ya fito daga Rasha a 2014, mutum 3 zuwa 8, zagaye minti 8. Kowa ya san wurin da "ake", sai mutum ɗaya, ɗan leƙen asiri. A yi ta tambayar juna don a gano shi. Wuraren cikin kwalin su ne gidan caca, jirgin ƙarƙashin teku, tashar sararin samaniya, don haka ka bar musu kayansu ka raɗa wa kowa wuri a kunne: injin niƙa, bakin rijiya, tashar mota, ɗakin awo, kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis. Wata ta ce, "Yaya, in za ki wurin nan, da me kike tafiya?" Ta amsa, "Da haƙuri da canji." Wadda ba ta san injin niƙa ake nufi ba, sai ka ga ta fara gyara ɗankwali.

Among Us na waya kuwa sai kowa yana da babbar waya da caji, kuma kowa kansa a sunkuye. Inda ake biyan kuɗin caji a shago, ban ga ribarsa ba.

Abin da ke sa wasan ya tsufa ko ya ci gaba da daɗi yana hannun mai gabatarwa. Ya zama mai iya ba da labari, irin wanda in ya ce "ga ta nan ga ta nanku" yara suke matsowa. Ya sa sunayen unguwanninku da gonakinku a ciki, amma kada ya taɓa wata sata ta gaske da aka yi a garin, ko rigimar gado da ba ta mutu ba. Duk mako ya ƙara matsayi ɗaya: mai unguwa mai ƙuri'a biyu, maroƙi da dole ya yi wa wanda zai zarga kirari tukuna, taubasai biyu da in an fitar da ɗaya ɗayan ya bi shi. Ya ajiye fitilar sola a tsakiya don ya ga yatsan da aka nuna. Lokacin "dare" kowa ya riƙa buga cinyarsa a hankali, domin motsin tabarma da ƙarar awarwaro suna tona kura tun kafin a fara tuhuma.

Doka ɗaya kuma a faɗe ta tun kafin a raba takardu: babu rantsuwa. Wasan yaudara ce da kowa ya amince da ita, amma da wani ya ce "wallahi ba ni ba ne", ko dai ya yi rantsuwar ƙarya, ko ya kashe wasan, tunda daga nan duk wanda ya ƙi rantsewa an gane shi. Wanda ya rantse ya fita zagayen nan take. Zaman maza daban, na mata daban, kamar yadda aka saba, sai dai in 'yan gida ɗaya ne. Kuma kada ka haɗa suruki da surukinsa a zagaye ɗaya, domin babu wanda zai iya kallon uban matarsa ya ce masa kura.