Zancen siririyar taya, daga nan Ikko

Assalamu alaikum kanena, ya gida ya su Inna, ya zafin Kano. Sakonka na murya ya iso, aiki ne ya rike ni kuma naga maganar bata minti biyu bace shiyasa nace bari na zauna na rubuta maka a tsanake, in ka gama karantawa ka turawa abokanka na majalisa don nasan ba kai kadai ke wannan lissafin ba.

Kace kana so ka cire rim 15 dake kan Corolla dinka ka dora 18 da siririyar taya irin wadda ake cewa lo furofayil, wai an fada maka mota tafi laushin tafiya da ita, kuma tunda ina Legas in duba maka a Ladipo, kasuwar kayan mota dake Mushin. Dubawa ba matsala bace, Mushin ba nisa daga inda nake. Amma wanda ya fada maka zancen laushin nan ko dai rim yake sayarwa ko kuma bai taba tuka mota mai irin tayar akan gargada ba. Kyau kam akwai shi, bazan maka karya ba, mota tana fitowa das kamar ba ita ba. Laushi ne dai babu.

Fita ka duka ka karanta lambar dake jikin tayarka. Irin taka 'yar 2010 zaka ga an rubuta 195/65 R15. 195 din fadin tayar ne a milimita, 15 girman rim ne a inci, shi kuma 65 din na tsakiya shine duk inda maganar take, yana nufin tsayin gefen tayar daga bakin rim zuwa inda take taba kwalta kashi 65 cikin dari ne na fadin, wato wajen milimita 127. In ka koma rim 16 tayar da zata dace itace 205/55, gefenta ya dawo 113. Rim 17 da 225/45 ya dawo 101. Shi kuwa 18 din da ranka ke so, 225/40 zaka saka, gefen ya koma 90. Duka hudun in ka tsayar dasu a jere tsayinsu kusan daya ne, dole ma ya zama haka in ba haka ba taya ta dinga gugar jikin mota ko malejin gudu ya dinga yi maka karya. To kaga duk incin da ka karawa karfe daga roba da iska ka cire shi, kuma robar nan da iskar cikinta su suke fara shanye duka kafin ya kai ga shokazoba balle ya kai ga bayan Inna dake zaune a kujerar baya. Kamar mutum ne ya cire silifas mai kaurin soso ya saka takalmin kwalisa mai siririn kasa ya shiga hanyar tsakuwa.

Abin da take dashi na gaskiya shine rike hanya. Gefen gajere ne kuma mai tauri, baya lankwasa, kana taba sitiyari mota ta amsa, a kwana bata yin wannan lilon. Wanda yake gudu akan kwalta mai santsi zai ji dadinta sosai, kuma don irin wadannan hanyoyin aka yi ta tun asali. Amma kai daga gida zuwa kasuwa, ranar Juma'a kauye, da damina ka bi ta lungunan da ruwa ya cinye, ina zaka ga amfanin wannan?

Nan Legas mutanen suna da son kwalisar mota ba kadan ba. Ka je bangaren Lekki ko Victoria Island da yamma zaka ga rim 20, 22 akan manyan motoci taya kamar an shafa fenti baki a bakin karfe. Sai ka dauka ai su sun san abin da suke yi. To ka bari damina ta shigo. Ruwan garin nan ba irin namu bane da zai zuba awa daya rana ta fito kasa ta shanye, nan daga wajen watan hudu har zuwa watan goma ana abu daya, watan shida da na bakwai kuwa sai a wuni ana yi, titi ya koma kogi, ramin da ka sani jiya yau baka ganinsa. Mai taya mai kauri ya fada ramin yaji gif ya wuce. Mai siririya ya fada, bakin ramin ya matse robar da rim, zaren cikin gefen ya tsinke, washegari sai kaga kullutu ya fito a gefe kamar kwai. Kuma wannan kullutun ba a facinsa, duk mai facin da yace zai gyara maka kudinka kawai zai ci, tayar ta tashi aiki, ranar da ka dauki hanya tayi zafi nan zata fashe. Wani lokacin rim din ma ya lankwashe ko ya tsage, shiyasa a nan gyaran rim sana'a ce mai zaman kanta, akwai masu injin mike shi da masu waldar alminiyam, kuma basa rasa aiki.

Direbobin gidajen masu kudi da yawa 'yan uwanmu ne, muna haduwa a masallaci a Agege ko Idi Araba ko Obalende ana hira, kuma duk wanda ka tambaya zai ce maka motar maigida ta kwalisa ranar biki ake fito da ita, wadda ake wahalar yau da kullum da ita tayarta mai kauri ce. Masu haya da manhaja ma da suke wuni a goslo da Corolla irin taka, da wuya kaga wanda ya wuce rim 16. Su da suke cin abinci da mota sun fi kowa sanin lissafin.

Yanzu zancen kasuwa tunda shi ka aike ni. Ladipo in ka kwatanta da Kofar Ruwa tamu, abin da ta fi mu shine yawan zabi. Kaya ta Apapa da Tin Can suke sauka, nan ne bakin ruwa, duk lambar tayar da ka ambata in babu a shagon nan yaro zai ruga ya kawo daga wani shagon kafin ka gama shan ruwan leda. A gida in ka nemi 225/40 R18 sai an ce ka dawo jibi. Amma ciniki a nan sai ka daure, tun daga bakin kasuwa masu janye mutum zasu yanyame ka kowa yana cewa shine mai shagon, kuma da sun ji harshenka sun kira ka aboki farashi ya hau. A gida kana da wanda ka sani, in kaya ya bada matsala ka koma ku daidaita saboda ana jin kunyar juna, nan kuwa in ka fita da kaya ka fita kenan sai dai in babban shago ne mai bada rasit. Farashi bazan rubuta maka ba don kafin ka karanta ya canza, tun 2023 da aka saki naira duk abin da ake shigowa dashi bin dala yake, kuma taya duk shigowa da ita ake. Da muna da masana'anta, Michelin na Fatakwal Dunlop na Ikeja, Michelin ta rufe a 2007 Dunlop ta bi bayanta a 2008, tun daga nan sai ta waje. Abin da dai zan fada maka shine 18 tafi 15 tsada nesa ba kusa ba, sannan ga kudin rim hudu, sannan in daya ta lalace maka a hanya misali wajen Mokwa ko Tegina, 195/65 R15 ko a karamin gari zaka samu ko ta hannu ce, 18 kuwa sai dai ka kwana.

Ta hannun ma, wadda muke cewa beljiyam su kuma suke cewa tokumbo, a takarda kwastan ta hana shigowa da tsofaffin tayoyin kananan motoci amma gasu nan tuli guda a ko'ina. Anan nafi so ka bude ido ko a gida zaka saya. Da yawansu daga Turai suke kuma tayoyin sanyi ne, an yi su don kankara, robarsu mai laushi ce, zaka gane su da hoton dutse mai kololuwa uku da alamar kankara a ciki da kuma kananan tsage-tsage birjik a fuskar. Mai sayarwa zai nuna maka zanen yace kalli yadda yake da zurfi kamar sabuwa. Eh sabuwa ce a kasar da ake dusar kankara, amma ka dora ta akan kwaltar Kano a watan hudu lokacin da zafi ke haura digiri 40 kaga yadda zata cinye, burki ma baya kamawa yadda ya kamata da ita. Sannan ka nemi inda aka rubuta DOT a gefe, lambobi hudu na karshe sune ranar haihuwarta, in kaga 2319 to sati na 23 ne na shekarar 2019. 'Yan rod sefti shekara hudu suke cewa, kamfanonin taya kuma suna cewa daga shekara biyar a dinga dubawa duk shekara in ta kai goma a jefar ko da zanen bai cinye ba. Kuma in kaga wajen lambar kamar an goge ko an kankare, ajiye musu abinsu.

Wajen aikin hannu kuma gaskiya Legas ta sha gabanmu a manyan shaguna. Inji ne yake cire taya ya mayar, a dora a na'urar balansin a manna dalma, a hau da mota kan na alaimen kwamfuta ta nuna komai, wasu ma har dakin jira da sanyi. A Kano ma akwai irinsu yanzu amma basu kai yawan na nan ba. Wannan ya shafi maganarka kai tsaye, don siririyar taya gefenta tauri gare shi, mai facin bakin titi da karfensa da guduma kafin ya cire ta ya kwarzane maka rim din da ka kashe kudi akai, wani lokacin ya yaga bakin tayar ta dinga sace iska. Amma masu facin bakin titi kam na nan da na gida duk halinsu daya, su dura maka iska 45 ko 50 su buga da hannu suce tayi, gejin ma rabinsu ya mutu. Jeka bude kofar direba akwai takarda manne a jikin ginshikin, irin motarka 30 zuwa 32 ne, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta dau zafi. Wallahi mutane da yawa da suke kukan motarsu na dukan baya ba taya bace matsalar, iska ce tayi yawa ko shokazoba ya mutu tun tuni. Sayi karamin geji naka ka ajiye a mota, bai kai kudin cin abincin rana biyu ba.

To in dai ranka ya riga ya kwanta akan canji, nasan halinka, ga abin da zan yarda na sayo. Rim 16 da 205/55 R16. Toyota da kanta ta fitar da wasu Corolla na shekarar da wannan lambar, kenan motar ta san shi, zaka samu dan kyan da kake nema kuma milimita 14 kawai ka rasa. 17 shine karshen abin da zan iya kallo in yi shiru, shima sai in ka yarda zaka dinga lallaba ramuka. Tayar kuma a nemi ta tafiyar yau da kullum mai laushin gefe, banda ta tsere, banda wadda ake cewa ran filat da ake iya tafiya da ita bayan ta sace, wannan gefenta kamar katako yake. A duba lambar kaya, 91 yana daukar kilo 615 kowace taya, kar a sauka kasa da abin da motar tazo dashi tunda nasan buhunan da kake lodawa in ka je kauye. Akwai kuma inda ake rubuta jurewar zafi da harafi A ko B ko C, mu mutanen Arewa A ya kamata mu nema, in babu to B. Rim din ma a lura, Corolla 'yar Amurka irin taka hujin noti biyar ne akan da'ira mai fadin milimita 100, na Camry biyar ne akan 114.3, a ido kamar daya amma baya hawa, kuma akwai masu cewa za a dan fadada hujin ya shiga, kar ka kuskura ka yarda. A nemi mara nauyi, rim mai nauyi shima yana kara dukan da kake gudu kuma taya mai fadi tana dan kara shan mai, a wannan zamanin da lita ta zama abin da ta zama.

Ni da kudin a hannuna yake, 15 dinka zan bari, in zuba sababbin taya hudu masu kyau 'yan wannan shekarar, in sa a duba shokazoba da bushin, canjin ya isa a yi wa Inna cefane. Amma motarka ce.

Ka dauko min hoton takardar jikin kofar da na gefen tayar inda DOT yake, duka hudun, da na sifiya ma don nasan ba ka taba duba ta ba. In ka tsaya akan 16 din ka fada min kafin karshen wata, akwai tirelolin da suke sauke kaya a Mile 12 suna komawa Arewa, zan hada da direban da na sani ka karba a Kano, kudin dako kuma naka ne. Ka gaida Inna da kyau kace mata sakonta na hanya, ka gaida matarka da yara.