Akwatin da na saya don kada birki ya ƙone, shi ya ƙona mini birki

Tun da muka dawo daga tafiyar Utah mutum uku suka kira ni a kan akwatin birkin nan da na sa wa Jeep ɗina, wai ko su ma su saya. Na gaji da maimaita labari ɗaya a waya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ga wanda bai san harkar ba, a nan Amurka idan kana da motar nan mai gida a ciki da suke kira RV, ba da ita kake shiga gari sayen burodi ba. Ƙaramar mota kake ɗaurawa a bayanta da ƙarfen ja, tayoyinta huɗu a ƙasa, tana bin ka kamar raƙumi da akala. 'Yan harkar kwaɗo suke ce mata, don a Turancinsu kalmar kwaɗo da ta abin da aka jawo sauti ɗaya gare su. To kwaɗon nan ba ƙaramin nauyi gare shi ba. Jeep Wrangler mai ƙofa huɗu ta doshi tan 2, kuma duk lokacin da ka taka birki ita tura ka take yi ta baya. A gida idan mota ta mace a hanya aka ɗaura mata igiya, ai mutum ake zaunarwa a ciki, hannunsa a sitiyari ƙafarsa a kan birki. Nan ba mai zama a ciki, ga shi kuma jihohi da yawa dokarsu ta ce abin da ake ja idan ya kai fam 3,000 sai da birkin kansa. Akwatin nan shi ne yaron motar. Kana ajiye shi gaban kujerar direba a cikin motar da ake ja, bayansa ya jingina da kujera, hannunsa na ƙarfe ya cafki abin taka birki, ka soka wayarsa a ramin wuta na mota. Da zarar ya ji gudu ya ragu sai ya danna. Kun san kuɗinsu, ba sai na faɗa ba, ya haura dala dubu.

Daga Kansas City zuwa Denver mil 600 ne ko kusa da haka a kan babbar hanyar I-70, hanya shimfiɗe kamar tabarma. A nan har mantawa na yi da shi. Inda na san na sayi abu shi ne bayan mun fito daga ramin Eisenhower, inda hanya ta huda cikin dutse, wanda ke ƙafa 11,158 sama da teku. Daga bakin ramin gangara ce mai kashi 7 cikin ɗari, wajen mil 7 ba hutu har Silverthorne, ga hanyoyin tsakuwa a gefe da aka tanadar wa manyan motocin da birkinsu ya tsinke. Ganinsu kaɗai sai gabanka ya faɗi. Na sa ƙaramar giya, ina taka birki kaɗan-kaɗan ina sakewa, kuma kowace takawa sai in ga 'yar fitilar akwatin da na manna a gabana a cikin RV ta kawo ja, in ji kamar wani ya riƙo mu ta baya a hankali. Babu tura, babu fizga. Wallahi a lokacin nan da wani ya tambaye ni da na ce ya sayar da rigarsa ya saya. Har na juya na ce wa uwargida, “Hajiya, kin ga abin da kike cewa ɓarnar kuɗi?” Ta ce, “To Abban Khalifa, Allah dai ya kai mu lafiya.”

A Silverthorne muka tsaya shan mai da salla. Na aiki Khalifa ya ɗauko mana kular abinci a kujerar bayan Jeep. Ya ɗauko, muka ci, muka tashi. Ban leƙa cikin motar ba. Ƙarfen ja na duba, da sarƙoƙi, da wayar fitilu, da 'yar igiyar nan da ke fizge birki idan motar ta kuɓuce. Cikin motar dai ban leƙa ba.

Muna wuce Frisco na ji motar ta yi nauyi. Ban kawo komai a raina ba, don injin fetur dama ƙarfinsa raguwa yake yi a kan tudu saboda ƙarancin iska, ga hawan Vail Pass a gabanmu, ƙafa 10,662. Na ƙara taka totur. Fitilar da ke gabana ba ja, ba ƙara, shiru kake ji wai malam ya ci shirwa. Mun wuce Copper Mountain muna tsaka da hawa, sai wani direban tirela ya jero da mu yana ta hon, ya sauke gilas yana nuna bayanmu da yatsa. Na kalli madubi, hayaƙi ne fari yake tashi.

Ban san lokacin da na gangara gefen titi ba. Warin ne ya fara tare ni tun kafin in isa, irin na ƙonanniyar roba gauraye da ƙarfe. Faifan birkin gaba ya koma shuɗi-shuɗi, wurin tayar ba ka iya kai hannu kusa, har iskar da ke kansa rawa take yi. Na buɗe ƙofa, ga akwatin ya turu gaba, hannunsa yana kan birki ya danne shi kamar rabin inci. Rabin incin nan shi muka ja mil goma sha wani abu. Ashe da yaron ya zo fito da kular ba ta wuce ba, sai ya matsar da kujerar direba gaba, kujera ta tura akwati, akwati ya tura birki. Ya tsaya gefe ido ya raina fata yana cewa, “Abba, kaɗan fa na matsar.” Ban ce masa komai ba, don ni ma ban san wa zan kama ba. Na fito da gorar kashe gobara na riƙe a hannu kusan minti ashirin ina jiran wuta ta tashi, Allah ya sa ba ta tashi ba. Da ya huce na taka birkin da ƙafata sai ya tafi luuu har ƙasa, man birki ya tafasa.

Kuma duk wanda ya taɓa jan mota haka ya san ba a yin baya da ita. Dole na kwance ta nan gefen titi, manyan motoci na wucewa iska na kaɗa mu, har motar ja ta zo ta ɗauke ta zuwa gareji. Kwana biyu muka yi a wurin da ba mu yi niyya ba. An canja faifai biyu da fad ɗin birki da abin da ke matse su, an zubar da mai an sa sabo. Kuɗin ya kusa kamo na akwatin. Kwana biyu daga cikin biyar ɗin da muka ware wa garin Moab na Utah suka tafi a zaman jiran makanike.

Na yarda da laifina, ban duba ba. Amma ga inda abin ya tsaya mini a wuya. Menene amfanin 'yar fitilar da suka ba ni in manna a gabana? Ita ba birkin take kallo ba, akwatin take saurare. Idan akwatin ne ya danna da kansa sai ta kawo ja. Idan kuwa tura shi aka yi ya danne, a wurinta lafiya lau, tunda shi bai yi komai ba. Wato ainihin ranar da kake buƙatarta ita ce ranar da take barci. Da na kira kamfanin, wata ta ɗauka da fara'arta, ta karanta mini shafin littafinsu inda aka ce a tabbatar da zaman kujera kafin kowace tafiya. Na ce na gani, amma me ya hana ku sa abin ya yi ƙara idan birki ya daɗe a danne? Ta ce za ta isar da shawarata. Har yau tana isarwa. Makaniken ne ma ya ba ni dabara, ya ce in ja waya daga makunnin fitilar birkin Jeep ɗin har gaban RV in sa ƙaramin kwan fitila, duk abin da ya taɓa birkin zan gani. Abin da bai kai kuɗin abincin rana ba.

Duk da haka da shi muka ƙarasa tafiyar, kuma gaskiya a dawowa, gangarar da ke sauka Denver, ya yi aikinsa tsaf. Har na fara hucewa ina cewa ai abin ba laifi, mai shi ne ya yi sake. Sai muka kwana a Kansas, da safe na zo tayar da Jeep in shiga gari, ko tari ba ta yi ba. Famfon iskar da ke cikin akwatin ya shanye batir tas a tafiyar yini guda. Wannan ma wai sai ka sayi wayar caji daban ka haɗa daga RV, ba ta cikin kwalin. Nan duk tsohon haushi ya dawo. Na tuna durƙuson da nake yi kowace safiya, gwiwa a kan tsakuwa, kai a ƙarƙashin sitiyari, ina gyara masa zama, ina jira ya gama danne-dannensa na fitar da ragowar iskar birki kafin mu tashi. Na tuna yadda yake cinye wuri idan an cire shi, Hajiya na tuntuɓe da shi a ƙofar banɗaki.

Idan motoci biyu kake ja bi da bi, ko sau ɗaya kake fita a shekara, wataƙila ya yi maka, tunda ɗauke shi kake yi daga wannan ka kai waccan. Ni dai mota ɗaya gare ni. Na riga na yi magana da mai haɗa irin wanda ake ɗaurewa dindindin a ɓoye a cikin mota, wanda ba ruwansa da kujera. Akwatin yana gareji cikin kwalinsa, da littafinsa da komai. Alhajin da ya fara kirana ya ce in bar masa a rabin kuɗi, na ce ya zo ya ɗauka, amma sai ya fara sa kwan fitilar nan tukuna, kuma kujerar direba na ce ya ɗaure marikinta da igiya kafin ya aiki yaro ɗauko kula.